Waiwaye: Zauren da Na Sa Aka Rushe

Da hutun da ya wuce ɗan ƙanwata ya zo gaishe ni a Sakkwato. Bayan mun yi isha'i ya matso bakin tabarma, ya miƙo mini wayarsa da hannu biyu, ya ce, "Kawu, ga tsarabar Japan." Yaron yana karatun zanen gine-gine ne a wata jami'a a ƙasar waje, malamansu kuma suka kwashe su aji guda suka kai su can na mako biyu, su ga abin da suke karantawa a takarda. Na karɓa ina tsammanin dogayen benaye da jirgin ƙasan nan mai gudu kamar harsashi. Akwai su kuwa, na yi ta turawa da ɗan yatsa ina wucewa, har na iso kan wani hoto na tsaya cak.

Rami ne cike da kwaɓaɓɓiyar ƙasa mai duhu, ga guntayen karan shinkafa sun fito a jikinta. Wani dattijo da takalmin roba har gwiwa yana tsaye a tsakiya yana juya ta. A birnin Kiyoto aka ɗauki hoton, wurin da ake gyaran bangon wani tsohon gida. Yaron ya ce maginan can sukan cuɗa laka da yankakken karan shinkafa su bar ta watanni, har karan ya ruɓe ya narke a ciki, sannan su yaɓa ta a kan saƙar gora, shafi bisa shafi, kowanne sai ya bushe a ɗora wani. Malaminsu ya sa kowa ya tsoma hannu. "Kawu, 'yan ajinmu toshe hanci suka yi ta yi. Ni kuwa warin ya tuna mini da wani abu, na yi ta ƙoƙarin kamo shi na kasa."

Ni na san abin da ya kasa kamowa. Warin ƙofar gidan kakansa ne da bazara, lokacin da mahaifiyarsa ke goyo da shi zuwa ganin gida.

A wani ƙauye tsakanin Sabon Birni da Isa aka haife ni, a gidan da ke da zaure wanda duk garin ke kwatance da shi. Wani magini ne ya gina shi tun zamanin kakana, ɗansa kuma ya gaji kula da shi, shi ne wanda muka taso muna kira Baba Magini. Idan an gama kaye amfanin gona, sanyi ya fara janyewa, sai a haƙo ƙasa daga kududdufin bayan gari a jibge a ƙofar gida. A buɗe tsakiyarta a zuba ruwa, a watsa ramno da kashin doki, mu yara mu shiga da ƙafa mu yi ta tattakawa har cinyoyinmu su yi tsami. Mu a ganinmu an gama. Shi kuwa sai ya ɗebo kaɗan ya murza tsakanin babban yatsa da manuni, ya kai hanci ya sansana, ya girgiza kai ya ce, "Ɗiyana, ƙasa ba ta son gaugawa. Ku bar ta ta kwana." Haka za ta yi ta kwana, ana ƙara ruwa ana sake tattakawa, har ta yi wannan wari, ta yi danƙo kamar tuwon da ya sha tuƙi. Ranar da ya yarda da ita, ranar ake yaɓe.

Yakan hau kan bango ya zauna kamar mai hawan doki, a riƙa cilla masa curin ƙasa daga ƙasa yana cafewa, ba ya ko duban mai jifa. Ba shi da ma'auni sai kamu da taƙi da idonsa. Bayan yaɓe sai makuba, ruwan ɓawon ɗorawa da aka jiƙa, wanda ke sa bango ya yi ja-ja mai duhu, ruwan sama ya riƙa zamewa a kansa. Ya duba indararo ya share, ya gyara zankwayen da damina ta ci wa kai. Mata kuma su yi daɓe a ciki da waƙoƙinsu. Cikin zauren, idan ka ɗaga kai, bakan gizo ne guda biyu suka gitta juna suka ɗauki rufin. Daga baya na fahimci dalilinsu: azarar giginya gara ba ta cinta, amma idan tazarar da ta haye ta kusa mita biyu ba madogara sai ta fara lanƙwasa, don haka magini ke ɗaura gajerun azara, kowace ta ɗan zarce ta ƙasanta, har su haɗu a sama, a lulluɓe su da ƙasa. Tsawon icen ne ke yanke faɗin ɗaki. Da na gaya wa yaron haka daga baya sai ya yi murmushi, ya ce a Japan ma da tabarmarsu ta tatami ake auna ɗaki, mai tsawon kusan santimita 180 da faɗin 90, a ce ɗaki mai tabarma shida ko mai takwas.

Muna aji na ƙarshe a firamare wani malaminmu ya kai mu kufan Alkalawa. Ya tsayar da mu a kan wani dogon tudu da ya miƙe cikin gonaki ya ce, nan ganuwa take. Ya ba mu labarin yadda Sarkin Gobir Babari ya kafa birnin a tsakiyar ƙarni na 18 bayan Gobirawa sun rinjayi Zamfara, a kan gonakin da aka ce na Alkalin Zamfara ne, inda sunan ya samo asali. Nan Bawa Jan Gwarzo ya yi mulki, nan Yakuba da Nafata suka zauna, nan kuma rundunar jihadi ƙarƙashin Muhammadu Bello ta ci birnin a watan Oktoba na 1808, aka kashe Yunfa. Gobirawa suka watsu, bayan yaƙin Gawakuke na 1836 aka kafa Tsibiri kusa da Maraɗi, daga baya Ɗan Halima ya kafa Sabon Birni. Ni dai ina tsaye ina tsintar tsingaro a cikin kunyar gero, ina duban gulbi can gefe, abin da ya shiga zuciyata shi ne: birnin da ya girgiza ƙasar Hausa ke nan, ga shi ya koma turɓaya, saboda da ƙasa aka gina shi. Na riƙe wannan a raina shekaru da yawa. Ban taɓa tsayawa na lura cewa zauren gidanmu da irin wannan ƙasar aka yi shi, kuma yana tsaye garau, domin kowace bazara akwai hannun da ke komawa kansa. Yaƙi ya ci Alkalawa a rana ɗaya. Abin da ya kwantar da ganuwarta kuwa damina ce bayan damina, babu mai ɗaura ɗamarar yaɓe.

Da na fara aikin gwamnati, kuɗi suka ɗan taru, abin da na fara tunani shi ne in fitar da mahaifina kunya. Maƙwabta sun soma kwano, mu muna nan da ƙasa. Na je na durƙusa na gaya masa ina so a rushe zauren a yi na bulo da siminti. Ya daɗe bai ce komai ba yana jan tasbaha, sannan ya ce, "Kai ka san boko. Yi abin da ka gani." Na ɗauki wannan a matsayin izini. Sai bayan rasuwarsa na gane cewa haƙuri ne ya ba kansa.

Kwana uku majiya ƙarfi suka yi da diga kafin bangon ya yarda ya faɗi, don kaurinsa a gindi ya fi kamu biyu. Baba Magini, a lokacin ya tsufa, ya zo da sandarsa ya tsaya a inuwar bedi yana kallo. Bai yi faɗa ba, bai roƙi a bari ba. Da rufin ya sauko, ya tako ya dafa wata azara da ta yi baƙi don tsufa, ya ce da ni, "Azarag ga ku aje ta, ta girmi ubanka." Ba a ajiye ba. Aka faskara ta aka dafa abincin ma'aikata.

Sabon zauren ya yi kyau a ido, fenti shuɗi, ƙofar ƙarfe. Bazarar farko ta nuna mana abin da muka yi. Tsohon bango yakan sha zafin rana a hankali, ba ya sakinsa ciki sai dare ya raba, lokacin da iska ta yi sanyi, shi ya sa da azahar za ka shiga ka ji kamar ka shiga randa. Kwano kuwa da hantsi ya ɗaga ya fara zubo wuta. Dattawan da suka saba hira da sasanta rigingimu a zaurenmu suka koma gindin bishiya. Mahaifina ya mai da buzunsa waje. Kuma daga wannan shekarar ba a sake kiran Baba Magini gidanmu ba, sauran gidaje suka bi sahu ɗaya bayan ɗaya. 'Ya'yansa babu wanda ya ɗauki sana'ar, don ba ta ciyar da kowa kuma. Ya rasu da abin da ke cikin yatsunsa.

Duk wannan ya dawo mini a daren nan, yaron yana ci gaba da ba ni labari bai san inda hankalina ya tafi ba. Ya ce abin da ya fi tsaya masa a tafiyar wani fili ne da babu komai a kansa. A Ise, babban wurin bautar gargajiyar Japanawa, an hana ɗaukar hoto a can ciki, amma kusa da ginin akwai fili daidai girmansa, an shimfiɗe shi da tsakuwa. Duk shekara 20 sukan gina sabo a kan filin, daidai da tsohon ba ƙari ba ragi, da icen hinoki, sannan su kwance tsohon, filinsa ya zauna jiran zagaye na gaba. An fara wannan a shekarar 690. Yaƙe-yaƙe sun taɓa katse shi fiye da shekara 120, suka dawo suka ɗora. Na 62 aka yi a 2013, na gaba kuma 2033. Har kayan ciki, tufafi da takubba da sauransu, fiye da guda 1,500, sabbi ake yi. Addininsu daban, namu daban, kuma ba bautarsu ce ta dame ni ba. Lissafin ne ya kama ni. Yaron da ya shiga aikin yana miƙa kaya, zagaye na biyu shi ke riƙe da aikin, na uku ya zama gwanin da ke duba na bayansa. Ba a taɓa barin sana'ar ta yi nisan da za ta ɓace tsakanin kaka da jika ba. Ko icen ma sun yi masa tanadi: tun 1923 suka tsara renon dajin wurin da niyyar shekara 200, don jikokin jikoki su sami abin sara. Ni ban san mutum ɗaya a yankinmu da ya shuka giginya da niyyar azara ba.

Sun kuma je Shirakawa, ƙauyen da ke cikin duwatsu inda dusar ƙanƙara ke binne gidaje, shi ya sa jinkarsu ke da tsini sosai, ɗaure da igiya babu ƙusa. Idan jinkar gida ta tsufa, mutanen gari kan taru, wani lokaci fiye da ɗari, su sauya ta. Suna kiran wannan yui. Yaron ya fara yi mini bayani, na ce masa, dakata, ai gayya ce. A 1971, da suka ga gidajen na ƙarewa, mazauna ƙauyen da kansu suka yi alkawari uku: ba sayarwa, ba ba da haya, ba rushewa. A 1995 hukumar UNESCO ta sa wurin cikin kayan tarihin duniya. Gwamnatinsu ma ta sa hannu da wuri. Dokar kare kayan al'adu ta 1950 ta haɗa har da gwanintar da ke hannun mutum, ana zaɓen gwanaye a ba su tallafi don su koyar. A 2020 UNESCO ta amince da sana'o'i 17 na ginin katako na Japan a matsayin gadon ɗan Adam, kuma yaɓen ƙasa yana cikinsu. Wato aikin da na ji kunyarsa a ƙofar gidanmu, irinsa ne wata ƙasa mai ƙera mota da kwamfuta ta kai gaban duniya tana alfahari.

Kada mai karatu ya ɗauka Japanawa a gidajen ƙasa da jinka suke kwana. Tokiyo siminti ce da ƙarfe da gilashi, kuma suna rushe gidajen zama da wuri fiye da yawancin ƙasashen Turai. Haka nan ban manta wahalar ginin ƙasa ba. Na ga ɗakin da ya rufta da damina, na ga abin da ambaliyar Gulbin Rima ke yi wa gidajen fadama, na san magidancin da ya sayi kwano hutu ya saya wa kansa daga aikin kowace shekara, kuma ba ni da bakin zarginsa. Abin da Japan ta yi shi ne ta hana ilimin mutuwa, sai masu sabon gini suka sami rijiyar da za su ɗiba. Kenzo Tange, wanda ya zana gidan tarihin zaman lafiya na Hiroshima da zauren wasannin Olamfik na Tokiyo na 1964, da siminti da ƙarfe ya yi aikinsa, amma sai da ya zauna ya yi nazarin fadar Katsura da ginin Ise, ya fitar da littafi a kan kowanne. Mutumin nan shi ne kamfaninsa ya tsara tsakiyar birnin Abuja. Duk wanda ya bi ta tsakiyar babban birninmu ya taka zanen wanda ya fara da durƙusa wa maginan ƙasarsu.

Mu ma muna da waɗanda za a durƙusa wa. Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, bakan gizonsa na nan har yau a cikin sabon ginin da aka lulluɓe shi da shi, masana daga ƙasashe suna zuwa aunawa. Ba mu rasa rubutu ba: wani masani mai suna Dmochowski ya auna gine-ginenmu ya zana, Farfesa Hamman Tukur Sa'ad ya yi digirinsa na uku a kan maginan Hausa da yadda suke ganin kyau. Kuma a nan kusa da mu, a jihar Tawa ta Nijar, Falke Barmu ya fara ginin masallacin Yama da ƙasa a 1962, ginin da ya ci kyautar Aga Khan a 1986. A Dandaji, Mariam Issoufou Kamara da abokiyar aikinta Yasaman Esmaili sun mai da tsohon masallacin garin ɗakin karatu, suka gina sabo da tubalin ƙasa da aka matse da inji, aka gama a 2018, kuma tare da maginan gargajiya suka yi aikin. Wannan ita ce hanyar da nake ganin ta fi: mai takarda ya kawo lissafin tushe da magudanar ruwa da rufin da ba ya yoyo, mai hannu ya kawo sanin ƙasa. Da na san haka a lokacin, da tushen zaurenmu na ɗaure da dutse, na gyara masa rufi, na bar shi tsaye.

Abin da ke hana ni barci yanzu ya wuce zaure ɗaya. Shekarun nan na ta'addancin 'yan bindiga sun tashi ƙauyuka da dama a Sabon Birni da Isa. Mutanenmu suna Gidan Runji da Maraɗi, wasu suna cikin garin Isa da Sabon Birni a raɓe, wasu suna nan Sakkwato. Gidan ƙasa da aka rufe aka gudu, damina biyu ko uku ta ishe shi. Indararo ya toshe, ruwa ya kwanta a rufi, azara ta jiƙa, shi ke nan. Abin da ya sami Alkalawa yana samun garuruwanmu muna raye muna gani. Tsofaffin maginan da suka rage suna cikin masu gudun hijirar nan, ba mai tambayarsu komai sai dai a miƙa musu sadaka. Yaron ya ce yana so in kai shi Alkalawa ya auna abin da ya saura na ganuwar. Na yi shiru, don ni da shi mun san cewa a yau zuwa Kiyoto ya fi masa sauƙi a kan wannan tafiyar, kuma mahaifiyarsa ba za ta yafe mini ba idan na ɗauke shi muka kama hanyar.

Sai na yi abin da zan iya. Na yi cigiya a wurin 'yan garinmu, aka nuna mini wani dattijo daga yankinmu da ke zaune a gidan ɗansa a bayan gari, wanda ya yi shekara fiye da arba'in yana gini kafin a tashe su. Muka je da goro. Da farko ya ɗauka aikin bulo muka kawo, ya ce ƙarfinsa ya ƙare. Yaron ya durƙusa ya ce, "Baba, karatu na zo ɗauka," ya buɗe masa hoton ramin Kiyoto. Tsohon ya kawo wayar kusa da idonsa, ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce, "Wanga ya san aiki. Ƙasar ta kwana." Ranar sai da aka kira magariba muna can. Ya karyo karan dawa ya ɗaura bakan gizo ƙarami a kan tabarma, yana kwancewa yana sa yaron ya maimaita, har sau huɗu.

Ina roƙon malaman da ke koyar da zanen gine-gine a Zariya da Kano da sauran makarantunmu: duk wanda ya sami hanyar kai ɗalibansa Japan ya kai su, tafiyar tana da amfani, na ga abin da ta yi wa ɗanmu. Amma a haɗa musu da zangon karatu guda a hannun magini, a biya shi kamar yadda ake biyan malami, a rubuta sunansa a kan aikin. Masu sarautar Gobir da attajiranmu kuma, idan Allah ya kawo zaman lafiya aka koma gida, za a yi gini mai yawa. A ware ko da zaure ɗaya da makaranta ɗaya a kowane gari a ba maginan ƙasa, a sa samari a bayansu, a mai da yaɓensa aikin gayya na kowace bazara.

Kai kuma mai karatu, idan akwai tsohon magini a unguwarku, ka je ka gaishe shi a makon nan, ka tafi da yaro mai riƙe biro. Dattijon da muka samu ya haura shekara tamanin, idonsa ɗaya ya riga ya tafi. Ɗan ƙanwata ya cika littafi guda a wurinsa kafin hutu ya ƙare, kuma sun yi alkawarin idan ya dawo za su kwaɓa ƙasa su tayar da ɗaki ɗaya a filin bayan gidana, in Allah ya kai mu.